Fasahar Sauti da Tarihin Farkon Rediyo: Waiwaye a Kan Muryoyin da Iska Ta Kwashe

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Da wuya a sami inda wannan karin magana ya tabbata kamar a tarihin rediyo. A shekaru goma na farkon watsa shirye-shirye, wato daga 1920 zuwa wajen 1930, kusan duk abin da aka faɗa ko aka rera a gaban makirfo ya tafi tare da iskar da ta ɗauke shi, domin kai tsaye ake watsa shi, kuma gidajen rediyo ba su da na'urar da za ta naɗe dogon shiri cikin sauƙi da araha. Saboda haka mai binciken wannan zamani yakan sami kansa cikin wani hali mai ɗaure kai. Abin da yake nazari an yi shi ne domin kunne, amma madogararsa duk ta ido ce, kamar jadawalin shirye-shirye a jaridu, da wasiƙun masu sauraro, da rubutattun wasanni, da hotunan na'urori.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wata hanya ta daban da aka bi wajen tunkarar wannan giɓi, wato hanyar masu fasahar sauti. Za a nuna cewa wannan fasaha a cikin gidajen rediyo ta yi rarrafe har ta tashi, sa'an nan daga baya ta waiwayo tana tambayar tarihin gidan da ya raine ta. Daga ƙarshe za a dubi abin da wannan tarihi ke nufi ga masu nazarin harsunan Nijeriya, waɗanda mafi yawan hujjojinsu na maganar baka ta ƙarni na ashirin suna kwance a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo.

2.0 Ma'anar Fasahar Sauti

Abin da ake nufi da fasahar sauti a nan shi ne aikin hikima wanda sauti kansa ne kayan aikinsa, kamar yadda yumɓu yake ga mai ginin tukwane. Ta bambanta da kiɗa da waƙa, domin ba ta tsaya ga amo mai daɗi ko kari mai tsari ba. Ƙarar jirgin ƙasa, da takun ƙafa, da tari, da ƙugin akwatin rediyo tsakanin tasha da tasha, har ma da shiru, duk suna iya shiga cikinta. Ta kuma bambanta da wasan kwaikwayo, domin ba lalle ne ta zo da labari mai farko da ƙarshe ba.

Masana sukan danganta tushen wannan tunani da wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, wanda ya fitar da wata takardar kira a 1913 yana cewa kunnen mutumin birni ya saba da ƙarar injuna, don haka ya kamata a shigar da hayaniya cikin kiɗa. Har ya ƙera waɗansu akwatuna masu hannun juyawa da ke fitar da gurnani da ƙaraji iri iri. Sai dai abin da Russolo ya rasa shi ne hanyar kai wannan sauti ga jama'a masu yawa, da kuma wurin da za a riƙa gwaji kullum. Rediyo ce ta samar da duka biyun bayan shekara goma.

3.0 Farkon Rediyo da Matsalar Hujja

Tarihin rediyo cike yake da ranakun da kowa ya haddace amma babu wanda zai iya sake jin abin da ya gudana a cikinsu. A ranar 12 ga Disamba 1901 Markoni ya ce ya ji ɗigo uku na harafin S, cikin baƙaƙen tangarahu, an aiko daga Poldhu ta Ingila zuwa Newfoundland, a ƙetaren tekun Atlantika. Shi da mataimakinsa kaɗai suka saurara, ba a kuma naɗi komai ba, shi ya sa har yanzu injiniyoyi ke muhawara a kan ko saƙon ne ya shiga kunnensu ko kuwa tartsatsin sararin samaniya. Haka kuma labarin nan da ya shahara cewa Reginald Fessenden ya kaɗa goge ya yi karatu ga jiragen ruwa a daren Kirsimeti na 1906, wanda ake kira shirin rediyo na farko. Babbar madogarar labarin wata wasiƙa ce da shi kansa ya rubuta a 1932, shekara 25 bayan aukuwar abin, kuma waɗansu masu bincike sun nuna shakka a kansa.

Ko da aka shiga zamanin watsa shirye-shirye na yau da kullum, matsalar ba ta kau ba. Tashar KDKA ta birnin Pittsburgh a Amurka ta watsa sakamakon zaɓen shugaban ƙasa a ranar 2 ga Nuwamba 1920. BBC ta fara aiki a Landan ranar 14 ga Nuwamba 1922, inda Arthur Burrows ya karanta labarai sau biyu, ɗaya da sauri ɗaya a hankali, domin masu son rubutawa. Jamus ta fara nata a Balin ranar 29 ga Oktoba 1923. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka naɗa a lokacin da ake yin sa. Abin da akan ji a yau da sunan shirin KDKA na 1920 maimaici ne da aka shirya daga baya.

Na'urorin naɗar shiri sun shigo gidajen rediyo ne a hankali bayan 1930: da farko wata na'ura mai naɗa a kan zaren ƙarfe, sai faifan da ake yankawa nan take a saurara, sai kuma tef, wanda kamfanin AEG na Jamus ya nuna wa duniya a 1935. Duk da haka, samun na'ura daban, niyyar adanawa daban. Ɗakin ajiyar sauti na BBC ya samo asali ne a 1937, lokacin da aka umarci wata ma'aikaciya, Marie Slocombe, ta zubar da tarin fayafai, ita kuwa da ta ga akwai muryoyin manyan marubuta da 'yan siyasa a ciki sai ta ɓoye su. Ke nan abin da ya tsira daga wannan zamani sau da yawa sa'a ce ta tsirar da shi, ko kuwa taurin kan mutum ɗaya.

4.0 Gidan Rediyo a Matsayin Maƙerar Sauti

4.1 Ingila da Jamus

Tun daga farko ma'aikatan rediyo sun fuskanci tambaya guda: yaya za a yi wa wanda ba ya gani wasa? A ranar 15 ga Janairu 1924 BBC ta watsa wasan Richard Hughes mai suna Danger, wanda ake ɗauka a matsayin wasan farko da aka rubuta musamman domin rediyo a Ingila. Dabarar marubucin ita ce ya sanya 'yan wasan cikin ramin haƙar kwal bayan fitilu sun mutu, ta yadda su da mai sauraro duk suka zama ɗaya cikin duhu. Wato ya mai da naƙasar rediyo ta zama jigon wasan.

A Jamus an zarce haka. A ranar 24 ga Oktoba 1924 Hans Flesch, shugaban shirye-shirye na tashar Frankfurt, ya watsa wani wasa mai suna Zauberei auf dem Sender, wato tsafi a gidan rediyo. A cikin wasan, ana shirin sanya kiɗa kamar kullum sai wani mai sihiri ya kutsa ɗakin watsawa ya hargitsa kome, muryoyi da kiɗa da ƙararraki suka cakuɗe, ma'aikata suka rasa yadda za su yi. Rediyon Jamus ba ta cika shekara guda ba a lokacin, amma ga shi har ta fara yin wasa da kanta, tana nuna wa mai sauraro cewa tsarin da yake ji kullum shiri ne na mutane, kuma ana iya rushe shi.

Bayan Flesch ya koma Balin ya shugabanci tashar can, an watsa aikin Walter Ruttmann mai suna Wochenende, wato ƙarshen mako, a watan Yuni 1930. Ruttmann mai shirya fim ne, don haka ya ɗauki sauti a kan zaren fim ba tare da hoto ba, ya yayyanka shi da almakashi ya harhaɗa. Cikin minti 11 mai sauraro yana jin injunan masana'anta suna tsayawa ranar Asabar, da fita ƙauye, da ƙararrawar coci, da raha a gidan shaye-shaye, har zuwa ƙarar agogo da hamma a safiyar Litinin. Babu mai ba da labari, sauti ne ke bin sauti. Wannan zamani na gwaji bai daɗe ba. Da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933 sun tsare Flesch, suka mai da rediyo kakakin gwamnati. Shekara guda kafin haka Bertolt Brecht ya riga ya koka cewa rediyo tana magana ne kawai ba ta saurare, ya nemi a mai da ita hanyar da jama'a za su riƙa mayar da martani.

4.2 Masar da Faransa

Ba a Turai kaɗai aka yi wannan gwaji ba. A 1944 wani ɗalibi a Alƙahira, Halim El-Dabh, ya ari na'urar naɗa a kan zaren ƙarfe daga wani gidan rediyo na birnin, ya je ya ɗauki muryoyin mata a wajen bikin zar, wanda masana suka daɗe suna kwatanta shi da borin Hausawa. Da ya koma ɗakin aiki sai ya yi ta sarrafa abin da ya ɗauko, yana ƙara masa amsa-kuwwa yana rage waɗansu sassan amon, har kalmomin suka narke, abin da ya saura sai kaɗawar muryoyin. Wannan aiki, Ta'abir al-Zar, ya riga na Faransa da shekara huɗu, ko da yake littattafan tarihi sun daɗe ba su ambace shi ba.

Wanda ya sami suna shi ne Pierre Schaeffer, injiniya a gidan rediyon Faransa. A 1948 ya ɗauki ƙarar jiragen ƙasa a wata tasha ta birnin Faris, ya yanka a faifai, ya riƙa rufe layin faifan yadda allura za ta yi ta maimaita guntun sauti ɗaya. Ya lura cewa idan aka maimaita ƙara sau da yawa, kunne yakan manta da abin da ya haife ta, ya koma sauraron siffarta. An watsa ayyukansa biyar na farko a rediyo ranar 5 ga Oktoba 1948. Daga nan gidajen rediyo suka shiga buɗe ɗakunan gwajin sauti: Cologne a 1951, Milan a 1955, BBC kuma a 1958. Dalilin da ya sa aka yi haka a gidajen rediyo a fili yake, domin a wancan lokaci su kaɗai ke da na'urori masu tsada, da injiniyoyi, da kuɗin gwamnati, da kuma masu sauraro.

5.0 Komawa ga Mafari

5.1 Akwatin Rediyo Ya Zama Abin Kiɗa

Mutanen da suka fara sauraron rediyo a shekarun 1920 ba su san tsabtataccen sauti ba. Mutum yakan sa abin ji a kunne, ya yi ta lalube da ɗan siririn ƙarfe a kan ƙanƙanen dutse har ya kamo murya daga cikin shuu da fito da tartsatsi. Lalube shi ne rabin sauraro. Da na'urori suka inganta sai wannan hali ya fara gushewa, kuma shi ne abu na farko da masu fasahar sauti suka koma nema. A 1951 John Cage ya gabatar da wani aiki a birnin Niyok wanda kayan kiɗansa akwatunan rediyo 12 ne, kowanne da mutum biyu, ɗaya yana juya mabuɗin tasha, ɗaya yana kula da ƙarfin murya. An rubuta musu lokacin juyawa da inda za su tsaya, amma abin da zai fito ya danganta ga abin da tashoshin ke watsawa a daren. An ce da aka zo kan aikin dare ya yi nisa, tashoshi da yawa sun rufe, sai shiru da ƙugi suka fi yawa.

Karlheinz Stockhausen na Jamus ya bi wannan hanya ta fuskar gajeren zango. Aikinsa Hymnen, na 1966 zuwa 1967, yana buɗewa da irin hargowar da akan ji in ana neman tasha da dare, daga cikinta taken ƙasashe daban daban ke ɓullowa suna nutsewa. Duk wanda ya taɓa neman Landan ko Kwalon a akwatinsa da asuba a ƙasar Hausa ya san wannan amo, ya kuma san yadda murya kan zo ta tafi kamar ana kaɗa ta da iska. Abin da waɗannan ayyuka suka adana shi ne yanayin sauraro, wanda babu jadawalin jarida da zai iya bayyana shi.

5.2 Sautin da Ba Ya Mutuwa

Hanya ta biyu ita ce ta ɗaukar wani labari daga farkon wayar iska a gina aiki a kansa. Fitaccen misali shi ne aikin Gavin Bryars na Ingila a kan nutsewar jirgin ruwan Titanic, wanda ya fara a 1969 aka fitar da shi a faifai a 1975. Jirgin ya nutse ranar 15 ga Afrilu 1912, kuma mutum wajen 700 da suka tsira sun tsira ne saboda kiran neman agaji da ma'aikatan wayar iska na kamfanin Markoni suka aika. Ɗaya daga cikin ma'aikatan, Harold Bride, ya ba da shaida cewa makaɗan jirgin ba su daina kiɗa ba har ruwa ya ci su. Bryars ya haɗa wannan shaida da wani tunani da ake jingina wa Markoni a ƙarshen rayuwarsa, cewa sauti ba ya mutuwa, raguwa kawai yake yi, kuma da za a sami na'ura mai isasshen ji da an kamo maganganun mutanen da. Sai ya tsara kiɗan yadda zai yi kamar ana ci gaba da kaɗa shi a ƙarƙashin teku, yana nisa yana dusashewa, tare da muryoyin waɗanda suka tsira da bugun tangarahu.

A ilmin kimiyya wannan tunani ba shi da tushe, domin sauti yakan watse ya zama zafi ya ɓace. Amma ya bayyana burin da ke zuciyar duk mai binciken tarihin rediyo, kuma Bryars bai yi da'awar cewa abin da ya tsara shi ne abin da aka ji a daren ba.

5.3 Maimaici da Sake Gini

Hanya ta uku ita ce sake gina abin da ya ɓace. Wasan Flesch na 1924 ba a naɗe shi ba, rubutunsa ne ya saura, kuma daga rubutun ne gidan rediyon jihar Hesse ya sake shirya shi a 1962. Aikin Ruttmann kuwa an ɗauka ya salwanta, sai a 1978 aka gano kwafinsa a Niyok. Bayan shekara 20, a 1998, gidan rediyon Bavaria ya miƙa shi ga waɗansu masu fasaha na zamani, kowannensu ya warware shi ya sake ɗinkawa da na'urorin yau. Haka nan a ranar 14 ga Nuwamba 2012, da BBC ta cika shekara 90, tashoshinta fiye da 50 sun haɗu sun watsa wani aiki na minti uku da Damon Albarn ya harhaɗa daga tsofaffin sautuka da saƙonnin masu sauraro, aka kuma sa masa sunan tashar farko ta Landan, wato 2LO.

A nan ne haɗari yake ga mai tarihi. Maimaici in ya daɗe yana yawo yakan rikiɗe ya zama asali a kunnen jama'a, kamar yadda ya faru da shirin KDKA. Kuma ko abin da aka watsa kai tsaye ba a rasa ƙura a kansa. A watan Mayu 1924 BBC ta watsa kiɗan Beatrice Harrison, mai kaɗa babban goge, daga lambun gidanta, wata tsuntsuwa mai kukan dare tana amsa mata. Shirin ya yi farin jini ƙwarai har aka riƙa maimaita shi kowace shekara, amma an daɗe ana taƙaddama a kan ko a daren farko tsuntsuwa ce ta yi kukan ko wata gwanar kwaikwayon tsuntsaye. Abin da ba a taƙaddama a kansa shi ne faifan 19 ga Mayu 1942, daga wannan lambu, inda ake jin tsuntsuwar tana kuka, a bayanta kuma rugugin jiragen yaƙi masu zuwa kai hari Jamus. Injiniya ya katse watsawar don kada abokan gaba su ji, amma ya bar na'ura tana naɗa. Babu wanda ya tsara wannan faifai, ga shi kuwa ya fi ayyuka da yawa da aka tsara faɗin halin zamaninsa.

6.0 Abin da Ya Shafi Nijeriya

Rediyo ta shigo Nijeriya ne ta waya. Bayan BBC ta buɗe sashenta na ƙasashen daular Ingila a watan Disamba 1932, an kafa tsarin rarraba shirye-shirye a Ikko a 1935, inda ake kamo Landan a tasha guda a tura ta waya zuwa akwatunan da mutane ke haya a gidajensu. Tsarin ya kai Badun a 1939, ya kai Kano a 1944. Akwatin ba shi da mabuɗin sauya tasha, abin da aka aiko shi za a ji. Brian Larkin, a littafinsa na 2008 a kan Kano, ya bayyana yadda aka kakkafa lasifika a wuraren taruwar jama'a, har sauraro ya zama abin da ake yi a dandali cikin taro. An kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa a 1951, aka mai da ita NBC a 1957, shekarar da BBC ta buɗe sashen Hausa ranar 13 ga Maris. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan a Kaduna a 1962.

Wannan zamani ma yana da tasa fasahar sauti, ko da yake ba a kira ta da wannan suna ba. Taken da gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana buɗe tasha da shi Timi na Ede ne, Oba Adetoyese Laoye, ya kaɗa shi da gangar dundun. An so gangar ta faɗi sunan tashar da Ingilishi, amma da yake ganga karin sauti kawai take bi, masu sauraro Yarbawa sai suka yi ta ɗora mata jimloli nasu iri iri, waɗansu na ba'a, waɗansu na habaici. Ga mai nazarin harsuna masu karin sauti, da wuya a sami gwajin da ya fi wannan faɗi, domin ƙasa guda ce ta saurari amo ɗaya ta fassara shi. A ɓangaren Hausa kuwa, wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo aka fara jin su kafin a buga su a 1959 da 1960. Manazarta sun yi ta tattauna jigo da salon littattafan, amma muryoyin da suka fara raya su, da karin harshen 'yan wasan, da dabarun da aka yi na nuna kasuwa ko kotu da sauti kawai, ba su cikin shafi.

Daga cikin masu fasahar sauti na yau, Emeka Ogboh ya yi suna da ɗaukar hayaniyar Ikko, musamman kiran 'yan kamasho a tashoshin mota, yana kai ta manyan wuraren baje kolin fasaha na duniya. Yana kuma da wani aiki da ya gina a kan jawaban shugabannin Nijeriya na lokacin samun mulkin kai a 1960, inda mai sauraro ke jin alkawuran wancan lokaci da kunnen wanda ya san abin da ya biyo baya. Irin wannan aiki bai yiwuwa sai in muryoyin sun tsira.

Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Tef yana lalacewa da zafi da laima, kuma a gidajen rediyo da yawa na duniya an saba goge tsohon shiri a naɗi sabo a kansa saboda tsadar tef. A 2019 UNESCO da ƙungiyar ɗakunan ajiyar sauti ta duniya sun yi gargaɗin cewa na'urorin sauraron tef da kayan gyaransu suna gab da ƙarewa, har suka ambaci wajen 2025 a matsayin lokacin da abin zai yi wuya ƙwarai. Ana iya ceto in an tashi tsaye. A ƙasar Gini, tsakanin 2008 da 2013, wani shiri da Laburaren Birtaniya ya ɗauki nauyinsa ya kwafe waƙoƙi fiye da 9,000 daga tef-tef na gidan rediyon ƙasar, yawancinsu cikin harsunan gida.

7.0 Kammalawa

An ga yadda fasahar sauti ta tashi a ɗakunan rediyo na Frankfurt da Balin da Alƙahira da Faris, da kuma hanyoyi uku da ta bi ta koma ga mafarinta: mai da akwatin rediyo abin kiɗa, da gina aiki a kan labaran wayar iska, da sake shirya abin da ya ɓace. Gudummawarta ga tarihi ita ce ta tuna wa masana cewa rediyo abin ji ce, kuma ƙugi da katsewa da lalube suna cikin abin da mutanen farko suka ji. Iyakarta kuma ita ce ba ta zama hujja, don haka wajibi ne a riƙa bambance faifan asali da maimaici a duk inda aka kafa hujja da sauti.

Turawa sun rasa shekaru goma na farkon rediyonsu ne saboda babu na'ura a lokacin. Rediyon Nijeriya ta girma ne a zamanin faifai da tef, saboda haka duk abin da ya salwanta daga yanzu ba za a ɗora wa rashin na'ura ba. A cikin shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka da Jakar Magori, da labaran duniya, da hirarrakin makaɗa da malamai da manoma, akwai Hausar baka ta fiye da rabin ƙarni, da kare-karenta, da sababbin kalmomin da aka ƙirƙira a gaban makirfo kafin su shiga ƙamus. Haka abin yake ga Yarbanci da Ibo da Fulfulde da Kanuri da Tibi da sauransu. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i su haɗa hannu da gidajen rediyon da ke kusa da su, a fara da ƙidaya abin da ke cikin ɗakunan ajiya, a rubuta ranar kowane tef da sunan shirinsa da masu magana a ciki tun tsofaffin ma'aikatan da suka san muryoyin suna raye, sa'an nan a kwafe.